Sunan da Yaya Sanda Ya Kasa Faɗa

Yayana Sanda mutum ne mai taurin kai, kuma ni ƙanwarsa Yalwa ina da ikon faɗa, tunda ciki ɗaya muka fito. Duk wanda ya san tashar motar Kawo a shekarun baya ya san shi: dogo, baƙi, hula a karkace, asuwaki a baki ko da azahar ne. Sunansa na yanka Umaru, amma in ka shiga tashar kana neman Umaru sai ka gaji ka koma gida. Sanda Abuja ake ce masa, don a kan wannan hanya ya ƙarar da ƙuruciyarsa, daga Kawo zuwa Zuba, daga Zuba zuwa Kawo, tun yana yaron mota har ya mallaki tasa.

Ya san hanyar kamar tsakar gidanmu na Hayin Banki. Ya san ramin da ke fasa taya, ya san mai doyar da ba ta cuta a Jere. In ya dawo da yamma yana cin tuwo, ba a rasa shi da karatun tuƙi ga duk wanda ya yi tsautsayin zama kusa da shi. Akwai wanda ya maimaita har muka haddace.

"Direba ba gabansa kaɗai yake kallo ba," in ji shi. "Ka riƙa duban ɗaya hannun. In motoci suna ta tahowa suna wuce ka, lafiya ke nan. In ka ga hannun nan ya yi tsit, ba tirela, ba bas, ba ko mai babur, to taka birki. Akwai abin da ya tsare su a gaba."

Lokacin dariya muke yi masa, muna cewa Yaya ya fara wa'azi.

Dariyar ta ƙare ranar da aka ɗauke Nuhu, amininsa tun suna yaran mota. A Zuba suka yi lodi ɗaya bayan ɗaya, Nuhu ya riga shi tashi, shi kuma ya tsaya a Jere ƙara iska a taya. Da ya wuce Katari sai ya ga ɗaya hannun ya yi shiru. Ya gangara gefe ya kashe mota, fasinjoji suna ta zaginsa wai yana ɓata musu lokaci. Da hanya ta buɗe suka ƙarasa gaba, sai ga motar Nuhu a tsakiyar titi, ƙofofi duk a buɗe, inji yana aiki, ba kowa a ciki. Takalmin mace wari ɗaya a kan kwalta, kular abinci ta kife. Yaya ne ya sa hannu ya kashe motar ya zare makulli. Wasu daga cikin fasinjojin sun dawo bayan watanni, amma Nuhu bai dawo ba. Makullin nan yana rataye a ƙusa a shagon Yaya har yau.

Watan bai ƙare ba ya sayar da motarsa, ya kama wani ɗan shago a bakin tasha yana sayar da baƙin mai da bel da ƙananan kayan gyara. Ya kuma kafa doka a gida: muddin yana numfashi, babu jininsa da zai hau wannan hanya. Wanda Abuja ta kama shi dole, ga jirgin ƙasa can a Rigasa. Shekarar da aka tare jirgin kansa, na ce masa, to yanzu fa? Ya hana kowa motsi har aka dawo da jirgin, sannan ya ce, "Na jirgi mun san ranarsa. Na hanya wa ya iya tuna ranakunsa?" Ban sake ja da shi ba.

Sai maganar Maijidda, 'yarsa ta fari.

An haife ta ba da daɗewa ba bayan rasuwar mahaifiyarmu, Yaya ya mayar mata da sunan Inna. Hauwa'u ke nan. Na rubuta shi ne kawai, da baki ba zan iya ba, kuma ko a rubuce hannuna sai da ya yi nauyi. A gidanmu ɗa ba ya kama sunan uwarsa, ko tana raye ko ta rasu. Shi ya sa tun ranar suna ake ce wa yarinyar Maijidda, kamar yadda ake yi wa masu wannan suna. Ga ta kuma 'yar fari, kunya ta zama biyu. Yaya bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In ya dawo daga tafiya da kilishi, sai ya ajiye a bakin ƙofar uwarta ya ce, "A ba waccan." Ranar da za a sa ta makaranta ni ya tura, na rubuta wa malamin sunan a ɗan guntun takarda na miƙa masa. Amma duk gidan mun san in Maijidda ta yi zazzaɓi, Yaya ba ya fita lodi.

Ta girma, ta yi karatu, ta auri Sharhabil, yaro mai hankali da ke aiki a Abuja, suka zauna a Kubwa tana koyarwa a wata makaranta. Da ta samu cikin fari, kowa ya san gida za ta zo goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wanka yadda ya kamata. Sai dai aikin makaranta ya riƙe ta har ciki ya tsufa. Ana cikin haka wurin aikin Sharhabil suka tura shi Fatakwal, suka ce ba dawowa sai da Sallah. Aka bar yarinya ita kaɗai a gidan haya, da ciki haihuwa yau ko gobe, ga damina ta kankama, ga Babbar Sallah ta matso, duk wanda ke Abuja yana neman hanyar gida.

A nan muka san mene ne tikitin jirgi.

Da can in za ka yi tafiya sai ka je tasha, ka ga mutum, ka biya, ka hau. Yanzu an kwashe tikitin an zuba cikin waya. Ba a buɗe na ranar da kake so sai ta matso, in an buɗe kuwa kafin ka ce kwabo an share. Maijidda tana dannawa a Kubwa, mijinta yana dannawa a Fatakwal, ni ina dannawa a rumfata ta atamfa a kasuwar Kawo har na daina jin masu ciniki. Wani ɗan zobe ne zai yi ta juyawa a fuskar waya, ya yi ta juyawa kana kallonsa kamar mai jiran tukunya ta tafasa, in ya gaji ya ce maka babu kujera. Wani lokaci ka ga kujerar da idonka, ka danna, sabis ya ɗauke, ya dawo ka tarar wani ya zauna. Na tsine wa wayata ya fi a ƙirga. Kullum in na kira Maijidda sai in ji muryarta ta ƙara nauyi, tana magana tana hutawa.

Yaya kuwa 'yar ƙaramar waya mai tocila ce da shi, ba ta san wani abu wai shi manhaja ba. Ya ga muna ta fama ya ce mu yara ne, shi zai je ya ga mutum ido da ido. Ya saka babbar riga ya hau keke har Rigasa. Aka gaya masa da ladabi cewa na waya ne, kuma na kwanakin nan duk ya ƙare. Yana fitowa wani mai baƙin tabarau ya sha gabansa a wajen tasha, ya rage murya ya ce akwai kujera ɗaya daga Kubwa.

"Sunan wata Fiddausi ne a kai, Baba, amma za mu san yadda za a yi."

Yaya ya ba ni labari a daren ranar, cikin fushi. "Na ce masa, ni zan ɗora 'yata a jirgi da sunan wata? In wani abu ya faru a hanya, wa za a nema? Wa za a ce ta ɓata?"

Na ce ya yi daidai. Ina tuna wannan magana tasa, gabana yana faɗuwa.

Wani direba ne ya nuna masa shagon Nafisat, wata mata mai cire wa mutane kuɗi da sayar da katin waya a layin bayan tasha. Ta ƙware a kamun tikiti, ta san lokacin da ake buɗewa, wayarta kuma tana da sauri. Ba 'yar unguwarmu ba ce, ba ta san gidanmu ba. Yaya ya mayar da bencinta wurin zamansa. Kullum da safe sai ya rufe shagonsa ya je ya zauna, hannu a kan gwiwa, yana kallon yatsunta. In ta girgiza kai ya tashi, gobe ya dawo.

Abin da ya faru ranar da aka dace, daga bakin Nafisat na ji shi daga baya. Shagon a cike yake, mata suna jiran kuɗin cefanen Sallah, ga direbobi uku ko huɗu da suka san shi tun yana Sanda Abuja. Sai ta daka tsalle.

"Baba, ta samu! Kujera ɗaya, jibi da safe, daga Kubwa. Sunanta, maza, kafin ta kuɓuce!"

Ta ce sai ta ga dattijo ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi mutanen shagon, ya dubi ƙasa.

"Baba, lokaci yana tafiya, in ya cika za su saki kujerar!"

"Maijidda," in ji shi. "Maijidda Umar."

"Haka yake a katinta?"

"Haka muke kiranta."

Nafisat ta ce ta ji amsar, amma idonta yana kan waya, ta rubuta ta tura. Ya fito yana murmushi, abin da ya daɗe bai yi ba. Har rumfata ya zo ya gaya min, ya ce in faɗa wa uwarta ta gyara ɗaki.

Da yamma Maijidda ta kira ni, an tura mata hoton tikitin. Tana dariya, amma ba dariyar daɗi ba ce.

"Goggo, kin ga abin da Baba ya sa? A ƙofa sai sun haɗa sunan tikiti da na katin ɗan ƙasa. Nawa katin sunan Inna ne a kai."

Ko rumfar ban tsaya rufewa da kyau ba, na nufi shagonsa. Yana auna wa wani mai babur baƙin mai, na jira ya sallame shi, sannan na sauke masa abin da ke bakina.

"Yaya, wane irin aiki ka yi? Ka ƙi tikiti mai sunan wata, ka je da ƙafarka ka yanki mai sunan da ba ya kan kati!"

"Wane Bahaushe ne bai san wace ce Maijidda ba?" in ji shi. "Ko yaro ka tambaya zai gaya maka."

"Waya ba Bahaushiya ba ce, Yaya."

"Ai ba waya ce ke tsaye a ƙofa ba, mutum ne."

"To da ka kasa faɗa, me ya hana ka rubuta mata? Me ya hana ka kira ni?"

Ya ɗauki tsumma yana goge hannun da ba shi da datti. Can ya ce, a hankali, "Ya zo min har nan." Ya nuna maƙogwaronsa. "Sai na ga kamar Inna tana tsaye a bakin shagon."

Na bar faɗan. Muka koma wurin Nafisat tare. Ta ce suna ba ya canzuwa in an riga an yanka, sai dai a nemi wani. Ta nema a ranar, ta nema washegari, ko ƙyallin kujera ba ta gani ba. Maijidda ta ce in daina tayar wa Baba da hankali, za ta je ta gwada, ai za su ga cikinta.

Ranar tafiyar gari ya waye da wani irin zafi mai ɗanko, iska ko motsi ba ta yi. Isma'ila, wanda a hannun Yaya ya koyi tuƙi, yanzu kuma yake da tasa motar, shi ya kai mu Rigasa. Mun je tun jirgin bai ma kamo hanya sosai ba, don Yaya ya kasa zama a gida. Muna zaune a inuwa wayata ta yi ƙara.

"Goggo, kina kusa da Baba? Ɗan matsa gefe."

Na matsa. Ina jin hayaniya a bayanta, da ihun 'yan kamasho, abin da ba a ji a tashar jirgi.

Ta ce sun mayar da ita. Mutumin ƙofar ma Bahaushe ne, ya ce mata, "Hajiya, na sani, ƙanwata ma Maijidda ce. Amma tun abin da ya faru, doka ce, sunan tikiti sai ya zama na kati. In na bar ki, aikina ne." Har kujera ya ba ta ta huta, ya ɗaukar mata jaka zuwa waje.

"To koma gida, mu sake nema," na ce.

"Goggo, bayana yana ciwo tun shekaranjiya, ban faɗa ba ne. Ba zan sake kwana ni kaɗai a gidan nan ba. Ina Zuba. Mota ta cika, ga shi mun tashi. Don Allah kada ki gaya wa Baba sai na iso."

Ni ba a yi ni da riƙe irin wannan ba. Na juya na gaya masa a tsaye. Bai yi ihu ba, bai yi salati da ƙarfi ba, da ma ya yi. Ya karɓi wayar ya ce ta miƙa wa direba. Ya tambaye shi sunansa da na ubangidansa, bai san ko ɗaya ba, yaro ne sabon shiga. Ya ce masa, "Ɗana, akwai mai ciki a motarka. Kada ka yi gudu. Ka riƙa duban ɗaya hannun, in ka ga ya yi shiru ka tsaya." Na ji yaron yana cewa to, Baba, to, irin ta wanda yake so a kashe waya.

Muka baro Rigasa muka dawo Kawo, inda motar za ta sauke. Yaya bai buɗe shagonsa ba, ya tsaya a bakin ƙofar tasha. Ta kira daga Tafa ta ce lafiya. Ta kira daga Jere ta ce lafiya, sai dai an fara yayyafi. Daga nan na kira na ji ba ta shiga. Isma'ila ya ce ai wurin dama ba sabis, in kwantar da hankalina.

Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya rufe rana har masu shaguna suka kunna fitila. Motocin Abuja suna ta shigowa cike da mutanen Sallah, da buhuna, da rago a but. Duk wadda ta shigo Yaya ya leƙa, ya koma wurin tsayuwarsa. Can na lura ya daina leƙawa. Ba don ya gaji ba, babu abin leƙawar ne. Motocin Zariya suna shigowa, na Kano suna shigowa, na Abuja kuwa kamar an rufe famfo.

Direbobi suka fara taruwa biyu-biyu, kowa da waya a kunne, suna satar kallon Yaya suna kawar da kai. Shi ya koya wa rabinsu abin da wannan shiru yake nufi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, na ja shi ya shiga rumfa, ya fizge hannunsa. Muka yi la'asar a masallacin tasha, ya koma ya tsaya. Wani ya ce an ji harbi bayan Katari. Wani ya ce a'a, tirela ce ta kife. Wani ya ce mutane sun watsu cikin daji. Da na ji an ambaci Katari sai na zauna a kan wata tsohuwar taya ina ta jan duk addu'ar da ta zo bakina.

Ana shirin kiran magariba, 'yar wayarsa ta yi ƙara. Lambar Maijidda ce. Kunnensa ɗaya ya yi rauni tun zamanin tuƙi, kullum a buɗe yake sa murya, don haka duk wanda ke rumfar ya ji. Muryar namiji ce, baƙuwa.

"Kai ne mahaifin Hauwa'u Umar?"

Duk wanda ya zauna a Kaduna a shekarun nan ya san yadda irin wannan kira yake farawa: wayar ɗan uwanka, muryar wani. Rumfar ta yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano. Ni kuwa abin da ya fara soke ni shi ne jin sunan Inna a bakin mutumin da ban san ko wane ne ba.

Mutumin ya sake magana.

"Malam, kana ji na? Abin da ke kan katinta nake karantawa. In ba kai ba ne ka faɗa min, in nemi wani. Da wa nake magana?"

Yaya ya matso da wayar bakinsa. Ya dafa ginshiƙin rumfar.

"Ni ne," ya ce. "Ni ne uban Hauwa'u."

Tunda nake ban taɓa jin wannan suna a bakinsa ba. A gaban direbobi, da 'yan kamasho, da mai shayi, ya fito sarai ba gargada, kamar ba shi ne ya shaƙe shi a shagon Nafisat ba.

Mutumin ma'aikacin jinya ne a wani ɗan ƙaramin asibiti da ke gefen hanya. Ya ce tayar tirela ce ta fashe cikin ruwa, ta kife ta tare titi. Ƙarar ta yi kama da bindiga, wani ya yi ihu ya ce ga su nan, motoci suka riƙa karo da juna wajen juyawa, mutane suka bar komai suka faɗa daji. Ita ma ta gudu tare da su, ta faɗi a wani kwazazzabo, naƙuda ta kama ta a can. Wasu mata ne suka tsaya a kanta har aka samu masu ɗaukarta.

"Tana raye, ta farfaɗo," in ji shi. "Sai dai ku yi haƙuri. Namiji ne, bai zo da rai ba."

Babu ɗan bindiga ko ɗaya a hanyar ranar.

Yaya ya miƙa wa Isma'ila hannu ya ce ya ba shi makulli. Sai da dattawan tasha suka taru a kansa kafin ya yarda ya bari gari ya waye. Ana idar da sallar asuba ya zauna a bayan sitiyari, Isma'ila a gefensa, ni da uwar Maijidda a baya. Mutumin da ya rantse ba zai sake taka hanyar nan ba, shi ya ja mu. Ina kallonsa ta madubi, idonsa yana zuwa ɗaya hannun yana dawowa. Motoci suna ta wucewa, cike da mutane masu zuwa gida Sallah. Muka wuce tirelar a kwance a gefe, ga takalma a warwatse a bakin ciyawa.

A asibitin aka nuna masa jaririn, a naɗe cikin zanen da na ba ta lokacin aurenta. Shi da Isma'ila da limamin ƙauyen suka kai shi makwancinsa. Sannan ya shigo ɗakin da take kwance, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, hula a hannu, laka har gwiwa.

"Hauwa'u," ya ce.

Ta juyo da kai a hankali. Fuskarta duk ƙaya ta karce. Ta dube shi kamar ba ta gane da wa yake ba.

"Hauwa'u," ya sake cewa, muryarsa ta karye. "Ga shi na faɗa. Ashe ba wuya."

"Baba, ka bari," in ji ta. "Ba laifinka ba ne, ba shi da rabon kwana a duniya ne. Kira ni yadda ka saba."

Ya buɗe baki zai kira ta yadda ya saba. Na ga leɓɓansa sun haɗu, na ga sun rabu, ba abin da ya fito. Ya juya ya fita, muka same shi a mota ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

An yi mata wankan jego a gida kamar kowace mai haihuwa, ba jariri a gefenta. Ta warke, Sharhabil ya zo ya yi kukansa, bai taɓa ɗaga wa surukinsa murya ba. Ta koma Kubwa, a jirgi, da tikitin da ta yanka da hannunta. Tana zuwa hutu, tana zuwa Sallah, kuma duk zuwan da za ta yi Yaya yana Rigasa tun kafin jirgi ya taso.

Yana nan a shagonsa a bakin tasha, ya rame, asuwakin ma ya daina. Yana sayen kilishi ya ajiye a ƙofar ɗaki in tana gida. Wani lokaci ina zaune a tsakar gida in ga ya nufo ɗakin yana son ya tambaye ta wani abu. Sai ya tsaya a bakin labule ya yi gyaran murya, ya jira. In ta ji ta fito, in ba ta ji ba ya ƙara yi, in ya gaji ya koma. Sallah ta zagayo ta wuce, ban ji ya kira ta da ko ɗaya daga cikin sunayen nan biyu ba.